Darar da na saki babu lambar asusu

Wata bakwai na yi ina haɗa wasan, bayan sallar isha'i, idan an kawo wuta. Dara ce irin tamu, gidaje 30, kowa da 'ya'ya 12, sai dai na mai da ita ta wasa ƙwaƙwalwa: kwamfuta ta shirya maka fili, ta ce ka jera uku cikin motsi biyu ko uku. Da na gama ban so in yanka mata farashi ba. Na taɓa karanta yadda Bob Wallace ya yi da manhajarsa PC-Write a Amurka a 1983, kowa ya kwafa ya ba abokinsa, wanda ya ji daɗi ya aiko da kuɗi. Na ce ai mu ma mun saba da "ka ba da abin da ya sawwaƙa".

Sai na sa maɓalli ɗaya tak na biya, wanda ke kai mutum wani shafin ƙasar waje da ke karɓar dala ta kati. A 2022 ke nan, shekarar da bankunanmu suka rage abin da katin naira zai iya saya a waje zuwa dala 20 a wata, daga baya wasu suka rufe gaba ɗaya. Kuma na sani! Ni kaina katina ya ƙi aiki a lokacin. Amma ban taɓa zama na danna maɓallin nan kamar mai son biya ba, ko sau ɗaya.

Wasan ya bazu fiye da zatona, ta filas, daga laftof ɗin ɗalibi zuwa na ɗalibi, tunda ba ya buƙatar data. Kuɗi kuwa shiru. Na yi watanni ina zargin mutanenmu da son banza, har na faɗa a gaban abokai. Wannan maganar ta fi asarar kuɗin ci mini rai.

Wani mai gyaran kwamfuta ne ya warware mini. Na kai tawa gyara, ya ga wasan, ya gane ni ne. Ya ce sau uku yana ƙoƙarin biya kati yana ƙi, ya nemi lambar waya ko ta asusu a ciki bai samu ba. Nan take ya tura mini ta waya. Kunya ta hana ni haɗa ido da shi.

A daren na fitar da sabo, da lambar asusu ɓaro-ɓaro a shafin farko da na ƙarshe. Kuɗi sun fara shigowa kaɗan-kaɗan, wani ɗari biyar, wani dubu. Amma tsohon kwafin ne ke hannun jama'a, kuma abin da ya shiga filas ba ka da hanyar kiransa ya dawo. Scott Miller, wani mai haɗa wasannin kwamfuta a Amurka, a 1987 kashi na farko na wasansa Kroz kaɗai ya saki, mai son saura dole ya neme shi. Ni duka na zube, kuma ban yi nadamar hakan ba. Da dai na sa ƙanena ya gwada biya da katinsa kafin in saki, da minti biyar sun isa.

Watan jiya wani ɗalibi ya nuna mini wasan a laftof ɗinsa, yana yaba mataki na 40. Tsohon kwafi ne, maɓallin na nan inda na bar shi.