Abin da binciken Ɗantata ya koya mini

A shekarata ta ƙarshe a jami'a malaminmu ya ba ni aikin rubuta tarihin Alhaji Aminu Alhassan Ɗantata. Na ɗauka sha yanzu magani yanzu ne. An haife shi a Kano a 1931, ya fara da sayen gyaɗa a ƙarƙashin mahaifinsa, ragamar gidan ta dawo hannunsa a 1960 bayan rasuwar yayansa Ahmadu. Sai gine-gine, sai masana'antu, sai harkar mai, har kwamishina ya yi a gwamnatin Audu Bako. Na jero su reras na miƙa. Malam ya duba, ya cire tabarau ya ce, "Ɗana, lissafin dukiya ka kawo mini. Ina mutumin?"

Raina ya ɓaci, don a ganina ban bar komai ba.

Ana cikin haka ciwon ƙoda ya kwantar da kawuna, ni ne mai raka shi Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Sai da muka yi zuwa uku kafin in lura da sunan da ke jikin sashen wankin ƙodar: Alhassan Ɗantata. Alhaji Aminu ne ya ba da shi, ya sa sunan mahaifinsa, bai sa nasa ba. Awa huɗu nake zama a kan benci, jinin kawu yana zagayawa ta cikin na'ura yana komawa jikinsa. Kusa da ni wata tsohuwa ce da ta kawo ɗanta daga ƙauye, da fulas ɗin kunu da tabarma a naɗe. Ba ta san kamfani ko ɗaya na Ɗantata ba, kuma bai dame ta ba.

Daga nan na sake rubutun tun daga farko. Na daina tambayar me ya mallaka, na koma tambayar wa ya amfana. Ita ce ta kai ni ga naira biliyan 1.5 da ya bai wa mutanen Maiduguri bayan ambaliyar 2024, yana da shekara 93.

Da ya rasu a watan Yunin 2025 aka binne shi a Madina, kawu ne ya fara kirana. Muryarsa na rawa ya ce, "Mai injinmu ya tafi, Allah ya jiƙansa."