Na koma daddawa, Maggi ya huta

Wata uku ke nan ban sa Maggi a miya ba, wallahi da farko yara har gunaguni su kai, wai miyar kuka ba ta da armashi. Inna ce ta ce mini, "ke ɗiyata, daddawar batso fa?" Ita kam ta gurguzun yakuwa take yi da hannunta tun muna ƙanana, warinta sai ya kori baƙo amma a tukunya ba magana.

Mu nan Tawa, a Nijar, ai ba mu da uziri, albasar Galmi da ake kai har Abijan da Akara a ƙofar gida take, ga kifin Tabalak, ga zogale. Tumatur kuma wajen wani baba mai garka nake saye, takin awaki yake zubawa ba na buhu ba, ƙanana ne kuma ba su da sheƙi kamar na kasuwa, amma suna kwana biyar ba firjin ba su ruɓe ba.

Leda ce dai ta gagare ni, an hana ta tun 2014 amma ko tattasai na dala goma ka saya sai an ƙulla maka a ciki. Jiya ma na mance kwandona a gida.