Kwana 41 fulat ɗina ya yi babu kowa, inshora ta ce ba ruwanta

Wallahi har yau in na tuna maganar nan sai na ji raina ya ɓaci, shi yasa nace bari in rubuta ko wani ɗan uwa da ke nan Ingila zai tsira daga abin da ya same ni. A 2019 na sayi ƙaramin fulat mai ɗaki biyu a Manchester, irin na lishol ɗin nan, wato kai ka mallaki cikin fulat ɗin na wasu shekaru (nawa 125 ne aka rubuta tun farko) amma ginin kansa da ƙasar na wani ne. Da iyali suka ƙaru muka koma wani gida, na zuba 'yan haya a ciki. Duk shekara ina biyan sabis caj, wato kuɗin kula da ginin da masu fulat ke biya, kuma a cikin takardar akwai layin da aka rubuta inshorar gini, to ni a tunanina shikenan an gama, tunda ina biya ai an rufe ni. Shekara uku ban taɓa cewa a turo min takardar inshorar in karanta ba. Ko sau ɗaya.

Farkon Nuwamba 2022 'yan hayana suka tashi. Ni kuma ga bikin ƙanwata a Kano, nace bari in je in dawo sai a yi fenti a sa sababbin mutane a Janairu, na kashe hita gaba ɗaya don kar kuɗin gas ya yi ta tafiya a banza, kun san yadda kuɗin wuta da gas ya haukace a shekarar, na kulle ƙofa na tafi. Ban rufe babban famfon ruwa ba. Sai ga sanyin Disambar nan da duk wanda ke ƙasar ya san shi, bututu ya daskare, da gari ya fara sakewa ya fashe a bayan kicin. Ina zaune a tsakar gida ana ta hidimar kamu Yayana ya kira daga Leeds yace "kai, ka duba imel ɗinka yanzu yanzu, ejan ɗin ginin ku yana ta nemanka, ruwa na zuba a kan tsohuwar da ke ƙasanka."

Ban wani tashi hankali sosai ba a lokacin fa, nace Yaya ai akwai inshora. Yace "ka karanta ta?" Na yi shiru.

Da na dawo aka turo min takardar, a shafi na goma sha wani abu ga shi nan ɓaro-ɓaro: duk fulat ɗin da ya wuce kwana 30 a jere babu mai kwana a ciki, ba sa biyan ɓarnar ruwa a cikinsa sai dai in an rufe ruwan an tsiyaye bututu, ko an bar hita a kunne, kuma ana leƙawa a kai a kai. Nawa kwana 41. Kwana goma sha ɗaya kacal suka raba ni da kuɗin. Kamfanin inshorar sun gyara silin ɗin tsohuwar tunda ita tana cikin gidanta, amma kuɗin farko da ake cirewa kafin inshora ta sa hannu, wanda suke kira ekses, na ɓarnar ruwa a gininmu fam 2,500 ne, kuma aka ɗora min shi tunda daga wajena ruwan ya fito. Nawa ɓangaren kuwa daga daɓen katako zuwa kabad ɗin kicin zuwa busar da bango duk daga aljihuna, ya haura fam 6,000. Kujeru da katifu da firij da na saka wa 'yan haya dama inshorar gini ba ta san da su ba, wannan ko da ban wuce kwana 30 ba ba za ta biya ba, ni ne ban sani ba. Wata uku babu haya, banki kuma bai daina cirar kuɗin mogej ba, wato bashin sayen fulat ɗin, sabis caj ma yana nan.

Abin da ya fi ci min rai shi ne ashe doka ta ba ni dama tuntuni. Dokar masu gida da 'yan haya ta 1985 ta ce in ka rubuta ka nemi taƙaitaccen bayanin inshorar ginin dole a ba ka cikin kwana 21. Imel ɗaya. Kuma daga ƙarshen 2023 hukumar FCA, mai sa ido kan harkokin kuɗi da inshora a ƙasar, ta ƙara tsaurara abin, dole a bayyana wa masu lishol bayanin inshorar har da kamashon da ake ci a kai. Ni da na yi wannan imel ɗin a 2019 da na ga zancen kwana 30 ɗin, da kafin in hau jirgi na murɗa famfo ɗaya na ba wani makulli.

Da na zo sayen tawa inshorar ta mai ba da haya saura kaɗan in sake wani kuskuren, wanda na yi magana da shi a waya yana ta ƙoƙarin haɗa min da inshorar gini, nace a'a gini ai mai ginin ne ke yi masa, ni biya biyu zan yi? Abin da na ɗauka shi ne na kayan da ke ciki, da na alhaki in wani ya ji rauni ko aka yi wa maƙwabci ɓarna ta dalilina, da na asarar haya in fulat ɗin ya lalace har ba a iya zama. A kula, wannan daban yake da wanda ke biya in ɗan haya ya ƙi biyan kuɗi, shi wancan sai an tantance ɗan hayan tun kafin ya shiga suke yarda, ni dai ban ɗauka ba tukuna. Na kuma nace sai da aka rubuta min kwana 60 na zaman fulat babu kowa, duk da na san wannan bai goge kwana 30 ɗin da ke takardar mai ginin ba, kowace da nata sharaɗin kuma dole in cika duka biyun.

Bara da aka sake samun gibi tsakanin 'yan haya, sati biyu ne kawai ma, amma sai da na je da kaina na rufe ruwan, na ɗauki hoton famfon da kwanan wata, na tura wa ejan imel cewa fulat ba kowa daga yau. Uwargida tace "Abban yara sati biyu ne fa." Nace na sani, na ba Yaya makulli ɗaya duk da haka. Bashin gyaran nan sai watan jiya na gama biyansa.