Yadda na gano tushen baƙaƙen ɗige-ɗige a madafarmu

A farkon damina wasu ƙananan baƙaƙen ɗige-ɗige suka riƙa bayyana a kan kantar madafarmu da ke unguwar Bukoki a Yamai, kuma ko an goge da dare, da safe sai a tarar da wasu. Da yake a nan muke ajiye gero da wake da kwanonin yara, hankalina bai kwanta ba, amma na ƙi sayen magani kafin in san abin da zan kashe.

Gwaggona ta duba ta ce, "Ɗiyata, kunkunniya ce take zubowa daga rufi." Sai na jiƙa farin ƙyalle na shafa: kunkunniya baƙi ƙirin take bari, wannan kuwa ya bar tabo mai ruwan ƙasa, ga wani wari mai maiƙo. Na cire ɓera daga zargi, domin kashinsa yakan kai milimita 3 zuwa 6, da tsini a bakinsa. Ba na tsaka ba ne, tunda nata yana da ɗan fari a gefe guda.

Abin da ya fi siffar ɗigon amfani shi ne inda ya fi taruwa. Na ɗauki tocila na bi shi, sai na ga yana ƙaruwa a kusurwar kabad, da jikin ƙarfen ƙofarsa, har ya kai ni bayan firigo, inda ya zuba kamar niƙaƙƙen masoro. A nan injin yake ba da ɗumi, ga famfo yana ɗiga kusa, wato an haɗa wa ƙananan kyankyasai duk abin da suke nema. Na tsinci kwanson ƙwansu ma, wanda kowane ɗaya kan ɗauki ƙwai 30 zuwa 40, abin da ya nuna mini cewa fesa magani sau ɗaya ba zai isa ba.

Ban share wurin a bushe ba, saboda ƙurar kashin kyankyaso tana tayar da asma, musamman ga yara. Da ruwan Javel na wanke. Daga nan aka gyara famfon, aka toshe tsagogin bango da siminti, hatsi ya koma bokitai masu murfi, sannan na sa maganin da suke ci su mutu a inda hannun yaro ba ya kaiwa. Yanzu nakan shimfiɗa farar takarda bayan firigon in duba ta kowace Juma'a, domin a kanta sabon ɗigo ba ya ɓuya.