Ɗakin zane ba aji ba ne

Mu 9 ne a kamfanina nan Gombe: birkila uku, kafinta biyu, mai walda, mai aikin famfo, yaron sito, sai ni. Leburori sai aiki ya samu muke ɗauka. Ajujuwan firamare da katanga da shaguna muka saba yi, shi ya sa da aka ba mu gyaran sashen zane-zane na wata kwaleji, haɗe da ƙarin ɗakuna biyu, na ce ai gini gini ne.

Ranar da muka je awo, shugaban sashen, wani dattijo da fenti ya ɓata wa bakin hannun riga, ya karɓi takardar ginin ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "Alhaji, wanda ya zana wannan bai taɓa riƙe buroshi ba." Tagogi ya ƙi. An sa su gabas da yamma, shi kuma manya yake so, can sama, suna kallon arewa. Wai hasken gabas da yamma yawo yake, launin da ɗalibi ya haɗa da hantsi ba shi zai gani da la'asar ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, na ji, amma a nan daga ƙarshen Afrilu zuwa Agusta rana arewa take karkata, za ta leƙo maka ta tagar." Ya yi shiru, ya ce to mene ne magani? Muka ƙara wa bakin kwano tsawo ya yi wa tagogin rumfa, muka sa gilashi mai rufuwa ruf saboda ƙurar hunturu, don idan ta sauka a kan ɗanyen fenti zanen ya tashi aiki. Injiniya ya sa hannu, ba da son ransa ba.

Ɗakin masu ginin tukwane ne ya fi ba mu wahala. Tsohon bututun ruwansa da muka tono a toshe yake da yumɓu, ya daskare kamar dutse, ga shi shekara da shekaru ana zagin masu famfo a banza. Sai muka gina ƙaramin rami mai murfi ƙarƙashin wurin wanke hannu, yumɓu ya kwanta a ciki, ruwa ya wuce ta sama, a riƙa kwashewa duk mako. Murhun gasa tukwanen kuwa zafinsa kan kai digiri 1,000, bulon siminti ba ya jure wannan. Waje muka fitar da shi, aka yi masa rumfa, aka gina da jan bulo na wuta. Masu rini ma magudanarsu daban. Tayil da aka rubuta a ɗakin sassaƙa muka soke, muka zuba kankare, muka faɗaɗa ƙofa yadda za a iya fitar da babban aiki ba sai an fasa bango ba.

Tsohon bangon sashen a tsage muka tarar da shi, amma hakan bai ba ni mamaki ba. Baƙar ƙasa ce a wurin, irin wadda ke kumbura da damina ta tsage da rani, don haka sabon fandisho sai da muka zurfafa, muka ƙara rodi.

Inda na ji jiki shi ne siminti. Na yi lissafi a 2023 buhu yana wajen naira 5,000, kafin mu kai linta a farkon 2024 ya haura 10,000. Ga masana'antar siminti ta Ashaka a jiharmu, amma kusanci bai rage mana ko kwabo ba. Na rubuta takardar neman ƙari, har yau tana wani ofis. Kashi 5 cikin ɗari na kuɗin kwangila da ake riƙewa sai bayan wata shida ma sai da na yi ta sintiri kafin ya fito.

Kwanaki na koma duba wani yoyo a rufin. Na tarar da ɗalibai a sabon ɗakin, ba fitila ko ɗaya a kunne, kowa na kan zanensa. Dattijon ya jawo ni gefe, ya ce ramin yumɓun ya yi ƙanƙanta, kwana huɗu yake cika. Ranar Asabar zan tura birkila ya faɗaɗa shi, da kuɗina.