Takalmi lamba 48 da takarda shafi huɗu

Takalmina na farko na wasan ƙwallon kwando, ƙafar dama da ta hagu ba uwarsu ɗaya ba. A kasuwar Kantamanto na same su wata Asabar da asuba, lokacin da ake kwance dilar gwanjo. Shekarata 15 amma ƙafata ta kai lamba 48, kuma duk wanda ya taɓa neman lamba 48 a Accra ya san ba a zaɓe, abin da Allah ya kawo shi ake ɗauka. Mai kayan ya tono ɗaya fari, ɗaya ruwan toka, ya ce in gwada. Suka zauna daram. Mma ce ta biya da cinikin koko da ƙosai na kwana huɗu, tana ƙirga kuɗin tana mita: "'Ya'yan mutane na buga ƙwallo da ƙafa, kai kuma sai ka jefa ta a kwando kamar mai tallan lemo."

Ba ta yi ƙarya ba. Unguwarmu Nima unguwar ƙwallon ƙafa ce, nan aka haifi Mohammed Kudus, kuma tun kafin a haife shi kowane lungu da 'yan wasansa. Ni saboda tsawona kullum gola ake sa ni. Wata rana ina saukowa daga trotro, ƙaramar motar hayar nan ta Accra, na sunkuya kamar mai ruku'u don kada kaina ya bugi ƙofa, wani dattijo ya riƙo rigata ya tambaye ni shekaruna. Da na faɗa masa, sai ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce in same shi ranar Asabar a filin Lebanon House da ke Tudu. Shi ne ya zama kocina, kuma Koci muke ce masa har ya bar duniya.

Baba bai so ba. Ya ce ɗan malam ba zai yi ta tsalle da gajeren wando a gaban jama'a ba. Koci ya zo gida da kansa bayan la'asar, ya cire takalmi, ya zauna a tabarma, ya ce, "Malam, ka taɓa jin sunan Hakeem Olajuwon?" Ya ba shi labari: ɗan Legas, shi ma gola ne kafin ya kama ƙwallon kwando, shi aka fara ɗauka a zaɓen 'yan wasan NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, a 1984, ya ci wa Houston Rockets kofi a 1994 da 1995, kuma yana shiga wasa da azumi a bakinsa. Maganar azumin ce ta shiga kunnen Baba. Ya yi shiru, can ya ce, "To, kada dai magariba ta same shi a fili."

Wata uku Koci bai bar ni na jefa ƙwallo daga nesa ba. Yakan tsayar da ni a ƙarƙashin kwando, wanda tsawonsa daga ƙasa mita 3.05 ne, in sa da dama, in cafe, in sa da hagu, in cafe, har sau ɗari biyu, ƙwallon kada ta sauko ƙasa da kafaɗata. Idan ta sauko, sai ya sa ƙaramin yaro ya fizge ta, a yi mini dariya. Yakan ce dogo da ke sauke ƙwallo zuwa cikinsa ya mayar da kansa gajere. Bayan haka sai aikin ƙafa: ka kafa ɗaya, ka juya da ɗaya, ka nuna za ka tashi amma kada ka tashi. Muna da kaset ɗin bidiyo guda na wasannin Hakeem wanda ya sha kallo har hoton na rawa, mukan mayar da shi baya mu ƙirga takunsa. A lokacin haushi nake ji, don abokaina na can suna koyon dank, wato a yi tsalle a danna ƙwallo cikin kwando da hannu, 'yan kallo na ihu. Daga baya na gane abin da ya ciyar da ni hannun hagun nan ne. Dogaye suna da yawa, amma dogon da zai iya gamawa ta kowane ɓangare kaɗan ne.

Na shiga gasar lig ta Accra ina ɗan shekara 18. A nan na fara sanin yadda ake cin abinci da wannan wasa a Ghana, kuma hanyar ba ta da faɗi. Ƙungiyoyin da ke da ƙarfi galibi na ma'aikatun damara ne: kwastan, 'yan sanda, 'yan kwana-kwana, gandirebobi. Idan suka ɗauke ka, aiki suka ba ka. Kana wasa, albashi na shigowa, ranar da ƙafa ta gaza kana da kaki da fansho. Sauran ƙungiyoyi kuwa kuɗin mota ne da ruwan leda, wani lokaci da shinkafa da wake bayan wasa. An neme ni a ɗaya daga cikin na damarar. Aka ce in kawo takardar gama sakandare. Ni kuwa na bar makaranta a aji biyu, saboda a ganina wanda zai tafi Amurka me zai yi da lissafi? Wani abokina da ban taɓa ɗauka ya kai rabina a fili ba, shi yana da takardarsa, ya shiga. Yau babban jami'i ne, idan muka haɗu a masallacin Kanda ranar Juma'a shi ke rage mini hanya.

Amurkar ma ta zo, a bakin wani mutum mai jaka da turare. Ya ce zai kai ni makarantar sakandare can, amma sai an rage mini shekara huɗu a fasfo, kuma a ba shi kuɗin somin-taɓi. Kawuna ya sayar da ragunansa biyu na layya ya ba shi. Mutumin ya karɓa, ya yi mana alƙawarin sati uku. Har yau sati ukun bai cika ba. Ban cika son tuna wannan ba, sai dai ina faɗa wa iyayen yaran da nake koyarwa: wanda yake ganin ɗanku zai kawo masa riba, shi ke kashe kuɗi, ba ku ba.

Abin da ya tabbata shi ne Abidjan. A 2008 wani kulob na can ya ga wasana ya kira ni. Na hau mota ta Takoradi, na tsallaka iyaka a Elubo, kowane shinge sai an sauko da ni an kalle ni. A ofishin kulob aka ajiye mini takarda shafi huɗu da Faransanci. Ba na jin ko "sannu" da harshen. Mai fassara ɗan kulob ne, ya nuna mini wurin da aka rubuta kuɗin da yatsa, na ga sifili sun jeru, na mayar da sefa zuwa sidi a kaina, zuciyata ta buga. Na sa hannu. Ban ce a ba ni kwana ɗaya ba, alhali a Adjamé akwai Hausawa 'yan kasuwa birjik da ke karanta Faransanci kamar ruwa, kuma da na kai wa ɗayansu bayan sallar isha, da kofin shayi kawai zai karanta mini.

Ba zan ɓata shekarun nan ba, sun yi daɗi. Karon farko da na taka filin katako a Treichville sai da na durƙusa na shafa shi da hannu, don ni a siminti na girma, wanda ke cin tafin takalmi cikin wata huɗu, ya ci gwiwa a hankali ba ka sani ba. Atisaye sau biyu a rana. Ɗaki ɗaya mu uku, da ɗan Mali da ɗan Kamaru, muna cin aceke, wato turaren garin rogo, da kifi da hannu a kwano ɗaya. Aikina a fili ba mai ƙyalli ba ne: in tare hanya don ɗan'uwana ya samu sarari, in kwaso ƙwallon da ta dawo daga allo, in tsare ƙarƙashin kwando ba tare da na cika laifi biyar an fitar da ni ba. Wasa kashi huɗu ne, minti goma-goma, kuma daƙiƙa 24 kawai kuke da ita ku jefa, saboda haka mai tunani a hankali ba ya daɗewa. Na aika wa Mma kuɗin da ta sauya rufin ɗakinta, na mayar wa Kawu ragunansa har da ƙari. Sauran kuwa, kada ku tambaye ni. Takalma ƙafa goma sha ɗaya na tara a ƙarƙashin gado, duk masu uwa ɗaya uba ɗaya. Ina jin ramuwar gayya nake yi wa Kantamanto.

A 2010 aka matsar da layin maki uku, wanda jefawa daga bayansa ke ba da maki uku, daga mita 6.25 zuwa 6.75. Rabin mita ne kawai, amma ya buɗe fili, dogaye irina dole muka riƙa fitowa waje muna bin gajeru masu gudu. A irin wannan fitowar ne, a wani wasa da bai ma da muhimmanci, na kafa ƙafar hagu zan juya, jikina ya tafi, ƙafar ta tsaya. Na ji "ƙas" a cikin gwiwa, ba wanda ya taɓa ni. Kafin dare ta kumbura kamar ƙwarya.

Washegari na san abin da ke shafi na uku. Wanda bai buga wasa ba, rabin albashi. Wanda ya wuce wata biyu bai buga ba, kulob na iya sallamarsa. Maganar asibiti ko inshora babu ko layi ɗaya. To me kuke tsammani? Kumburi na sauka na ɗaure gwiwa da bandeji, na sha ƙwayar kashe zafi, na ce wa koci na warke. Shi ma bai tsananta tambaya ba. Na buga wasa biyar a haka. Gudu a miƙe lafiya lau, amma duk juyawa sai in ji gwiwar ta zame kamar ƙofar da ƙusarta ta fita. A na biyar ta kulle gaba ɗaya, aka fitar da ni a kafaɗa.

Sai ga rikicin zaɓe ya biyo baya. An yi zagaye na biyu a ƙarshen Nuwamban 2010, Laurent Gbagbo da Alassane Ouattara kowa ya ce shi ya ci, gari ya rikice. Wasa ya tsaya, a Fabrairun 2011 bankuna suka rufe, wanda zai biya ka ma ba ka ganinsa. Na fito da jaka ɗaya da sanda, wani direba ɗan Kumasi ya ɗauko ni don Allah. Takalman nan goma sha ɗaya suna can ƙarƙashin gado, in ba wani mai lamba 48 ya yi sa'a ba.

A gida Mma ta kai ni wajen mai ɗori. Ina girmama masu ɗori, na ga karayar da suka gyara da idona. Amma nawa ba ƙashi ba ne. Da aka ɗauki hoton gwiwar, likita ya nuna mini: jijiyar da ke tsakiyar gwiwa, wadda ke hana ƙashin ƙwauri zamewa gaba, ta tsinke tun ranar farko, kuma irinta ba ta haɗewa da kanta, ko an shafa me. Wasa biyar ɗin da na ƙara su suka yaga guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan. Ya ce da na tsaya tun farko aka yi aiki, da wata tara zuwa shekara ina iya komawa fili. Yanzu kuwa za a gyara don in yi tafiya in yi sallah, ba don tsalle ba. Ina da shekara 25. Rabin albashin wata biyu na bi, na sayar da shekara takwas ko goma na wasa.

Shekara biyu ban je kusa da fili ba. Ina zaune a majalisa ana dafa ataya, yara na wucewa suna cewa "ga Dogo ɗan Abidjan". Koci ne ya sake zuwa, ya tsufa, ya ce, "Ɗana, zaman me kake? Ƙafarka ce ta mutu ko idonka?" Ya ba ni yara takwas da ƙwallo biyu. Shi ne kuma ya matsa mini na zauna jarrabawar sakandare ta masu zaman kansu, ina ɗan shekara 28, a benci ɗaya da sa'o'in ƙannena, gwiwoyina sun ƙi shiga ƙarƙashin tebur.

Yaran yanzu sun fi mu ganin hanya. Sun ga Amida Brimah, haifaffen Accra, ya ci kofin jami'o'in Amurka da Connecticut a 2014. Sun ga Boston Celtics ta zaɓi Ben Bentil ɗan Sekondi-Takoradi a 2016. Tun 2021 ga gasar BAL ta kulob-kulob na Afirka, wadda aka fara a Kigali, Zamalek ta Masar ta ɗauki kofin farko. Amma ni wanda na fi ba su labarinsa shi ne Pops Mensah-Bonsu, wanda iyayensa 'yan Ghana ne, aka haife shi a Landan. Ya taɓa NBA, amma yawancin abincinsa a Italiya da Sifaniya da Rasha da Turkiyya ya ci shi, yau nan gobe can. Haka rayuwar mafi yawan masu wannan sana'a take, jaka a hannu, kwantiragi na shekara ɗaya. Su ma ukun nan duk ta jami'a suka bi, abin da yara ba sa son ji ke nan.

Dokata a fili ɗaya ce: ƙarshen kowane zango ka kawo sakamakon makaranta, in ba haka ba ka zauna a benci ka riƙe mana ruwa. Watan jiya wani yarona daga Mamobi, mai shekara 19, ya zo da takarda daga wani kulob na Lome, hannunsa na rawa, ya ce gobe suke son amsa. Na ce su jira. Muka hau trotro zuwa wajen wani Alhaji mai sayar da atamfa da ya yi shekara ashirin a Togo. Ya sa tabarau, ya karanta mana layi-layi, a shafi na biyu ya tsaya ya ɗago kai ya ce, "Wannan wurin fa?" Na ciro biro na miƙa wa yaron, na ce ya ja layi a ƙarƙashinsa, mu ci gaba.