Wasiƙa daga Ohio: amsar masu tambayata kan abincin 'yan makaranta

Assalamu alaikum mutanen Argungu da na Birnin Kebbi da duk wanda wagga takarda ta riska. Muna lafiya, yara na gaida kakanninsu, sauran gaisuwa sai mun yi waya.

Tun ranar da na ɗora hoton tiren abincin makaranta a WhatsApp wayata ba ta huta ba. Yaya ta tambaya, ƙanwar maigida ta tambaya, har malaman da munka koyar tare a firamare kafin in taho sun aiko, kuma tambayar guda ce, wai da gaske ne a Amurka gwamnati ke ciyar da kowane yaro kyauta safe da rana? Na gaji da amsawa ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta gaba ɗaya, in ɗan taɓa maganar sanyi da motar makaranta da malamai da kunka ce in ba ku labari. Kuma ba ji na yi ba, shekara biyu ke nan ina aikin awa huɗu kullum a kicin ɗin wata firamaren gwamnati, da hannuna nake zuba wa yaran.

Ana ciyarwa kam. Amma ba kowa ne ke ci kyauta ba, kuma ba ko'ina ba.

Nan ba gwamnatin tarayya ke riƙe da makarantu ba. An yanka ƙasar gunduma-gunduma ta makarantu, sun kai wajen dubu 13, jihar Ohio kaɗai tana da sama da 600. Ku ɗauka kamar LGEA ɗinmu, wato hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma, sai dai nan a yawancin wurare mutanen gundumar ne ke zaɓen 'yan hukumar makarantun da ƙuri'arsu, kuma kusan rabin kuɗin daga cikin gundumar yake fitowa, mafi yawa harajin gidaje, jiha ta kawo kusan rabi, abin da tarayya ke sawa bai cika wuce kashi goma cikin ɗari ba. To unguwar da gidajenta ke da tsada makarantarta na da kuɗi, unguwar talakawa kuma makarantarta na fama. Tsakanin makarantar da yarana ke zuwa da wadda nake aiki tafiyar minti goma sha biyar ce a mota, amma ɗaya tana da ɗakin kiɗa da filin wasa mai fitilu, ɗayar in anka yi ruwa bokiti muke ajewa a baranda saboda yoyo. Tun 1997 kotun ƙolin Ohio ta ce wanga tsarin raba kuɗi ya saɓa wa kundin mulkin jihar, ta sake faɗi har sau uku bayan nan, kuma har gobe harajin gidaje ne ƙashin bayan makarantun.

Shi ya sa adireshi ya zama komai, kuma nan ne na sha wahalar da ban taɓa sha ba a kan takarda. Ranar da na kai yara rajista na ɗauka kamar gida ne, in riƙo hannunsu in gaida hedimasta a rubuta suna. Sai anka miƙo min jerin abin da zan kawo, takardar haya, takardar kuɗin wuta ko gas mai ɗauke da sunanmu da adireshin, takardar haihuwa, katin rigakafi. Takardar wutarmu lokacin sunan mai gidan hayar ne a kai, anka ce ba ta yi ba. Na koma gida cikin dusar ƙanƙara da yara biyu a bas, na dawo da takardar banki, anka ce wagga ta yi amma katin rigakafin da na zo da shi daga gida da biro anka cika shi kuma wata kwanan wata ta goge, sai likitan nan ya duba ya sa hannu. Likita ya ba mu rana sai bayan sati biyu, da munka je aka sake wa ƙaramin allura biyu da na tabbata an yi mai a gida, don kawai tawada ta dushe. Sati uku cur yarana na zaune a ɗaki suna leƙen motar makaranta ta taga tana wucewa. Don Allah iyaye mata ku riƙa adana katin rigakafin nan cikin leda, ku ɗauke shi hoto a waya, ba sai za ku bar ƙasa ba, ba ku san ranar da za a nema ba. Kuma kada wani ya ce zai ari adireshin ɗan uwa kamar yadda muke yi, a 2011 a nan Ohio an ɗaure wata uwa kwanaki a gidan yari saboda ta rubuta adireshin mahaifinta don 'ya'yanta su shiga makarantar da ta fi kyau.

Ka gama da wannan sai ga fom ɗin abinci. Shirin abincin rana na ƙasa tun 1946 yake, shugaba Truman ya sa mai hannu bayan yaƙin duniya na biyu, lokacin da anka ga samari da yawa sun faɗi gwajin shiga soja saboda rashin abinci mai gina jiki tun suna yara. Na karin kumallo ya biyo baya a 1966. Ma'aikatar noma ke riƙe da shi, ba ta ilimi ba, kuma yara kusan miliyan 30 ke ci kullum. Amma sai ka rubuta duk abin da ke shigowa gidanku da yawan bakin da ke ci. Akwai ma'aunin talauci da gwamnati ke fitarwa duk shekara, in samunku bai wuce kashi 130 cikin ɗari na ma'aunin ba yaro ya ci kyauta, in bai wuce 185 ba a rage mai, doka ta ce kada a karɓi fiye da senti 40 na abincin rana. Kuna haurawa ko da dala ɗaya ce, cikakken kuɗi.

Mu da kaɗan munka haura. Kowane yaro na da asusu da lamba da yake dannawa a na'ura in ya ɗauki tire, iyaye su riƙa zuba kuɗi ta intanet, dala uku da 'yan kai kowace rana. Wani wata da maigida ya yi jinya na sha'afa, asusun babban ya ƙare har ya shiga bashi, saƙon da sunka turo ya faɗa wani imel da ba na buɗewa. Yaron ya dawo ranar bai ce min komai ba, sai da dare na ji shi yana kuka a bargo. Wai ya ɗauko tirensa da zafi, ya danna lamba, anka karɓe anka ba shi burodi da cuku mai sanyi, abokansa na tsaye a layi suna kallo. Shekararsa tara. Na biya kuɗin a daren nan amma sati guda ya ƙi shiga layin abinci, sai dai in ƙunsa mai shinkafa da wake a roba. Wallahi har yau in na tuna sai zuciyata ta yi zafi, bashin nawa ne, mi yaro ya sani? Kuma ba mu kaɗai ba ne, abin ya yi yawa a ƙasar har jihar New Mexico ta yi doka a 2017 ta hana kunyata yaro kan bashin abinci.

Lokacin korona, daga 2020 zuwa tsakiyar 2022, kowa kyauta ya ci a duk ƙasar ba fom ba lamba, watakila labarin lokacin ne ya iso muku. Da anka janye, wasu jihohi sunka ce su dai ba za su koma baya ba, za su biya da kuɗinsu, irin Kalifoniya da Maine da Minnesota da Michigan da ke maƙwabtaka da mu. Ohio ba ta cikinsu. Sai dai akwai dokar 2010 da ta ba makarantar da talakawa sunka yi yawa cikinta damar ciyar da kowa ba tare da fom ba, makarantar da nake aiki na cikin waɗannan.

A can ne na ga abin da ban zata zan gani a Amurka ba. Ranar Litinin da safe in yara sunka sauko daga mota, akwai waɗanda ko jaka ba sa ajewa, kai tsaye layi, ka ga yaro na cin burodi da madara hannu na rawa ka san tun Juma'a bai ci na kirki ba. Akwai wata yarinya 'yar aji biyu da kullum take sa tuffa ɗinta a aljihun rigar sanyi, na tambaye ta a hankali ta ce na ƙanenta ne da bai isa shiga makaranta ba. Ran Juma'a wata ƙungiyar agaji na kawo ledojin abinci mu saka wa irin waɗannan yara a jaka ba tare da sauran sun gani ba. Ranar da dusar ƙanƙara ta sa anka rufe makaranta yarana murna suke, ni kuma waɗancan nake tunawa. Da ruwan ciki akan ja na rijiya, nan ma haka yake.

Kuma a ɗakin nan dai ake zubar da abincin da zai ciyar da aji guda. Doka ta ce sai yaro ya ɗauki kayan itace ko ganye kafin gwamnati ta biya kuɗin tiren, to ya ɗauka don dole, minti ashirin gare su na ci, ƙararrawa na bugawa a juye a shara, karas ko taɓawa ba a yi ba, madara ko buɗewa. Satin farko da hawaye nake ɗaure ledar sharar. Yanzu mun aje tebur gefe, duk wanda bai buɗe abinsa ba ya aje, mai so ya ɗauka.

Ina tsaye a kicin ɗin nan ajinmu nake gani. Kun tuna lokacin da shirin ciyarwa na gwamnatin Buhari da anka ƙaddamar a 2016 ya iso wajenmu, 'yan aji ɗaya zuwa uku, naira 70 kowane yaro? Ajin da nake kiran suna mutum talatin su amsa sai da ya cika har bakin ƙofa, yaran da ke talla da masu bin iyaye fadama duk sunka dawo saboda kular shinkafa da wake da ake saukewa ƙarfe goma. Da kuɗin masu dafawa sunka tsaya kular ta daina zuwa, su ma sunka daina, aka koma mai kuɗin tara ya sayi ƙosai ko awara, marar shi ya zauna gindin dalbejiya yana kallo. A Janairun 2024 kuma anka dakatar da shirin tare da sauran shirye-shiryen tallafi. Abin da ke ci min rai, mu ne masu shinkafar. Nan yawancin abincin a daskare mota ke kawo shi daga nesa cikin kwali, mu ɗumama kawai. Mu kuwa fadama na bayan makaranta, albasa na Aliero, kifi na Yauri, matan da sunka iya girki na cikin unguwa.

Abu guda da ya burge ni nan shi ne taron hukumar makarantu. Duk wata ake yi da yamma, ƙofa buɗe, lissafin kuɗi a bango kowa na gani, wanda ya rubuta suna a ba shi minti uku. Na ga wani dattijo ya tashi ya ce fanshonsa ba zai ɗauki ƙarin haraji ba, wata uwa ta tashi ta ce in ba a ƙara ba wa zai kai mata yara, anka yi ƙuri'a ƙarin ya faɗi, shekarar anka janye wa 'yan babbar sakandare mota. Ni ba ni da ƙuri'a tunda ba 'yar ƙasa ba ce, amma ni da wasu mata biyu 'yan Somaliya mun rubuta suna, na tashi da Turancina na ce yaranmu ba su san wane abinci ke da alade ba, ƙaramin nawa ya taɓa cin fiza mai shi bai sani ba. Bayan wata biyu sunka fara sa alama a jadawalin abinci. Mu ma fa muna da SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makaranta, da taron iyaye da malamai, ni shaida ce sau nawa munka aika a zo mutum shida su zo, cikinsu ba mace ko ɗaya. Na san akwai ƙauyukan da maganar ta wuce ta abinci, tun satar ɗaliban da anka yi a Jangebe da Birnin Yauri a 2021 akwai iyayen da ba su sake yarda yaro ya kwana makaranta ba, kuma ban ga laifinsu ba. Amma inda makaranta ke buɗe, ban ga abin da zai hana iyaye goma su je su zauna su ji nawa ya shigo kuma mi anka yi da shi ba.

Maganar sanyi sai wani lokaci, ku dai sani har gashin hanci daskarewa yake. Malamai kuwa nan ma ƙaranci ake, da yawa da kuɗin aljihunsu suke sayen fensir da takarda na aji, direbobin mota ma nema ake ruwa a jallo. Akwai kuma atisayen ɓuya da ake koya wa yara saboda masu harbi, wannan ba zan iya rubuta shi yau ba.

Malam hedimasta, in wagga ta iso gare ka don Allah a ƙirga min 'yan aji ɗaya zuwa uku na bana, waɗanda ke zuwa da gaske ba na cikin rajista ba. Yaya ke kuma ki tambayo min kuɗin tiyar shinkafa da ta wake da kwalbar manja a kasuwa wanga satin. Mu huɗu ne nan 'yan Kebbi da munka yi magana, muna son mu ga ko za mu iya ɗaukar nauyin ciyar da yaran ranar Litinin kaɗai na zango guda, in iyayen za su kawo itace kuma su riƙa zuwa suna ganin rabon da idonsu. In akwai mai tahowa kafin azumi a haɗo min da daddawa da kuka, tawa ta ƙare tun watan jiya.

Taku,
tsohuwar malamar aji biyu